Wayar Shinge da Albasar Surukina

Komai zan manta a zaman aurena, ban da ranar da na tsaya a bakin rijiyar lambun surukina da mitar auna wuta a hannuna, ina shirin gaya wa dattijon da ban taɓa ɗaga ido na kalla ba cewa aikin da ya yi da hannunsa shi ne ke kashe masa albasa. Shekaru sun ja, yaran da nake goyo a lokacin sun zama 'yan makaranta, amma duk sanda na ji ƙaurin roba ta ɗauki zafi sai ranar nan ta dawo mini sabuwa fil.

Ni 'yar Kaura Namoda ce, can aka haife ni, can na yi karatu. Da ƙawayena suka bi layin ɗinki da girke-girke, ni sai na kafe a kan sashen lantarki, saboda Allah ya yi ni da taurin kai da son kwance abu in ga cikinsa. Malaminmu wani Kirista ne daga wajen Filato, ya daɗe a Kaura har Hausarsa ta koma irin tamu. Shi ya cusa mana abu uku a ka, har muna mafarkinsu. Ya ce akwai ƙarfin da ke turo wuta, shi ne boltej. Akwai yawan wutar da ke gudu cikin waya, shi ne karan. Akwai kuma turjiyar da hanya ke yi wa wutar. In turi ya ƙaru, gudu ya ƙaru. In turjiya ta ƙaru, gudu ya ragu. Da aka zo aurena aka kai ni wani ƙauye kusa da Birnin Tsaba a ƙasar Zurmi, na cusa mitata a ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofi. Ƙawayena suka yi ta dariya, wai amarya za ta je auna wa miji tuwo.

Gidan mijina babban gida ne, kuma surukina, wanda muke kira Baba, shi ne ginshiƙinsa. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai zuciyar aiki. Tsakanina da shi kuwa sai kunya irin ta mutanenmu. In zan gaishe shi sai na durƙusa daga bayan zana, shi kuma ya amsa kamar da zanar yake magana. In yana son a gaya mini wani abu, sai ya gaya wa yayarsa, wadda muke kira Goggo, ko da ina tsaye a wurin. Goggo tsohuwa ce da ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, bakinta ba ya da linzami, kuma ita kaɗai ce a duniya ke iya ce wa Baba bai yi daidai ba.

A shekarar da nake magana, damina ba ta yi mana rana ba. Manyan gonakinmu na gero suna nesa da gari, kuma halin da ake ciki na rashin tsaro ya hana a taka su. Abin da aka girba a 'yan gonakin bayan gida ba zai kai mu ko tsakiyar rani ba. Saboda haka idon gidan gaba ɗaya ya koma kan lambun albasa da ke gangaren fadama. In albasa ta yi, a sayar a sayi hatsi. In ba ta yi ba, sai dai a watse neman abinci gidajen dangi, abin da Baba ya gwammace mutuwa da shi.

Kafin mijina ya tafi ci-rani Kudu, ya yi wa lambun gata. Ya sa famfon nan da ake zurawa cikin rijiya, wanda ake kira sumo, ya sayo farantan sola. Don tsoron ɓarayi sai aka kafa farantan a cikin gida, aka ja wayar jan ƙarfe mai kauri aka binne ta tun daga gida har bakin rijiya. Tazarar ba kaɗan ba ce, in ka tsaya a ƙofar gida ka ƙwala kira, da ƙyar na lambu zai ji ka. Ruwa ya yi ta ambaliya, albasa ta yi kore shar. Ashe farantan muka tsare, muka bar wa ɓarayi waya. Wata safiya aka tashi aka tarar an tone ta kakaf, sai wani guntu da ya rage a bakin rijiya, wanda bai fi tsawon igiyar ɗaure saniya ba.

Baba bai zauna yana salati ba. Ya ce ɓarawo jan ƙarfe yake so, to, za a ba shi abin da ba ya so. Ya warware wayar baƙin ƙarfe da aka kewaye lambun da ita, ya kafa gwafanni tun daga gida har rijiya, ya ja layi biyu a sama, duk inda waya ta ƙare ya murɗa ta da wata ya naɗe da robar tsohuwar tayar mashin. Gari ya yi ta zuwa kallo ana yaba masa. Gaskiya ni ma na yaba da zuciyar, amma da na leƙa ta kan katanga na ga siririyar wayar nan mai tsatsa ta miƙe har inda ido ya ƙare, sai na ji ban yarda da ita ba.

Aka kunna. Sumo ya yi wani gurnani, ruwa ya fito kamar na bakin buta, ya yi ta tsiyaya, can ya ɗauke. Haka aka yi ta fama. Ga sanyi ya fara janyewa, zafi na shigowa, daidai lokacin da albasa ke ɗaura kai tana neman ruwa. Wani hantsi da na san Baba ya kunna a can, na ciro mitata na lallaɓa wurin farantan na auna. Ƙarfinsu lafiya lau. Na mayar da mita akwati na yi shiru, don ban san ta inda zan fara ba.

Sai aka kira wani mai gyara daga Shinkafi. Mutumin kirki ne, ba macuci ba. Ya kashe sumo, ya auna bakin waya a can rijiya, ya ga lamba ta cika kamar yadda take a gida. Ya ce wa Baba waya ba ta da laifi, wuta na isowa, sumo ne ya gaji. Ya kuma gargaɗe shi kada a ƙara kunnawa, don in ya ƙone gaba ɗaya ko mai saye ba za a samu ba. A ranar Baba ya yanke hukunci. Ranar kasuwar Shinkafi za a kai sumo da farantan a sayar, shi kuma ya koma jan ruwa da guga. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Guga a hannun dattijo ba zai shayar da ko kwatar lambun ba, sauran sai dai a bar wa rana.

Hukuncin bai kwanta mini ba. Na kira mijina a waya na zayyana masa. Ya ce, "Kin san halin Baba. Ni ba ni iya ce mai aikinai ne ya ɓata. In kina iyawa, na yarda ki tai, amma ki bi ta hannun Goggo." Wato ya miƙo mini maciji ya ce in riƙe ta wutsiya. Na ce to, na ji.

Na sami Goggo tana tsinkar zogale, na durƙusa na gaya mata ina son ta raka ni lambu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyar Kaura, mi kika nema cikin lambun maza? Ko albasar miya ta ƙare?" Na ciro mita daga cikin mayafi na nuna mata. Ta karɓa ta juya ta, ta kara a kunne, ta ce ba ta ji komai ba. Na ce mata, "Goggo, in anka kai sumon ga kasuwa, bana sai mun ci tuwon dusa. Ni kau ina ganin lahiyatai lau." Sannan ta karkaɗe zanenta ta ce, "Tashi mu tai. In ya yi hwaɗa, ni na goya shi, ba ya hi ƙarhina ba."

Mun isa rana ta take tsaka. Abin da na gani ya sa idona ya ciko. Ganyen albasa ya kwanta, bakinsa ya yi rawaya, ƙasar fangalai ta tsattsage. Baba na bakin rijiya ba riga, yana jan guga, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Da ya hango mu sai ya yi sauri ya jawo rigarsa ya saka, ya juya mana gefe.

"Yaya, lahiya? Mi ya kawo ku cikin ranar ga?"

"Ɗiyarka ta ce a kawo ta ta duba injin," in ji Goggo. "Ta yi karatun wuta."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ci gaba da jan gugansa. Na ɗauki shirun a matsayin izini. Na durƙusa gaban akwatin kunnawa, na ɗora bakin mita a kan wayoyin nan biyu. Lamba ta cika, daidai da abin da na gani a gida. Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ga shi na taso tsohuwa cikin rana, na keta kunya na zo gaban suruki, kuma mita na gaya mini mai gyara ya fi ni gaskiya. Goggo ta sunkuyo tana tambaya, "Mi tac ce?"

Ina nan durƙushe, zufa na bin bayana, sai maganar malaminmu ta faɗo mini. Kullum in muka auna abu a kashe yakan buga tebur ya ce ba a sanin ƙarfin jaki sai an ɗora masa kaya. Nan take abin ya warware mini. Turjiyar waya ba ta cin komai sai wuta na gudu a cikinta. In sumo na kashe, babu gudu, don haka ƙarfin zai iso bakin rijiya cikakke ko da ta zaren ƙarfe ne. Sai an kunna, wuta ta fara gudu, sannan hanya za ta fara cin rabonta. Mai gyara ya auna jaki ba kaya, ni ma yanzu abin da na yi ke nan.

Na juya wa Baba baya sosai, na fuskanci Goggo, na ɗaga murya yadda zai ji. "Goggo, ki roƙa mani Baba a kunna injin, ko na ɗan lokaci ne."

Guga ya tsaya. Baba ya ce, "Yaya, hwaɗa mata an hana. In ya ƙone, wa za ya saye shi?"

"Goggo, ki ce ma Baba ba ya ƙonewa da wanga ɗan lokaci. Ki ce mai in ban ga abin da nika nema ba, ba ni ƙara magana."

"Yaya, hwaɗa ma ɗiyar mutane ta koma gida. Rana ta yi zahi."

A al'ada magana ta ƙare ke nan. Suruki ya sallame ka, sai ka tashi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na dubi albasar nan da ta kwanta, na tuna rumbun da na leƙa da safe, na ce a raina yau ko za a mayar da ni Kaura da akwatina, sai an kunna injin nan. Ban tashi ba. Na gyara durƙuso na sunkuyar da kai, na yi zamana.

Goggo ta dube ni, ta dubi ƙanenta, sai ta taka ta isa akwatin da kanta. "Wanne aka dannawa?" Na nuna mata da ido. Ta danna. Sumo ya fara gurnaninsa a ƙasan rijiya, ni kuwa idona na kan mita. Lambar nan da ta cika ta rufto ƙasa, ta wuce rabi, ta tsaya tana rawa. Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na bar shi ya ɗan yi aiki, ruwa na tsiyaya, sannan na ce Goggo ta kashe.

Saura babban aikin, wato faɗa. Ba zan iya cewa wayar Baba ce ba ta da kyau ba, bakina ba zai ɗauka ba. Sai na bi ta abin da ya fi kowa sani. Na ce, "Goggo, ki tambaya mani Baba, in anka haɗa mesa siririya mai tsawo, anka toshe bakinta da yatsa, ana jin ƙarhin ruwa?"

Baba ya ce wa Goggo, "Ana ji. Har ya ture yatsa."

"In anka saki hwa?"

"Sai ya zubo kaɗan-kaɗan. Hanya ta cinye ƙarhin."

"To Goggo, haka wuta take. Hwarantan can na turowa da ƙarhi, sumo kau lahiyatai lau, yunwa yaka ji. Jan ƙarhe babbar mesa ce. Baƙin ƙarhe ƙarama ce, ga tsawo, ga tsatsa wurin ƙulli. Mai gyara ya auna baki na toshe."

Fuskar Baba ta canza. Ya fahimci inda na dosa, kuma ya ji zafinsa, don duk gari ya yaba wa wayar nan. Ya ce a taƙaice, "Yaya, waya ai waya ce."

Ban ja da shi ba. Na ce, "Goggo, ki roƙi Baba ya taɓa ƙullin can na kan gwahwa, inda robar take. Robar kaɗai za ya taɓa, wuta ba ta kama shi."

Sannan ya taka a hankali ya kai hannu kan ƙullin, ya janye da sauri. Robar ta yi laushi, tana ƙauri. Ya wuce gwafa ta gaba ya taɓa, ya wuce ta gaba. Muna kallonsa yana bin wayarsa ƙulli bayan ƙulli, har ya yi nisa, sannan ya dawo. Ya tsaya ya dubi rijiya ya ce, "Ashe ruwana nan yaka ƙonewa bisa hanya." Tausayinsa ya kama ni har na ji da ma ban zo ba.

Amma Baba ba mutumin zama da baƙin ciki ba ne. Ya ce, "Yaya, tambaye ta magani." Na ce magani uku ne. Ko a ƙara faranti don turi ya ƙaru, kuma ba mu da su. Ko a samo jan ƙarfe mai kauri, wanda ko an samo ɓarayi na nan. Ko kuma a rage hanya, farantan su zo kusa da rijiya, a yi aiki da guntun jan ƙarfen da ya rage. Goggo ta ce ai in aka kafa su a lambu ko kwana ba za su yi ba. Nan dabarata ta ƙare, don ni ma ban san yadda za a yi ba.

Baba ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya miƙe ya nufi gida da saurin da ban san yana da shi ba. Muka koma inuwar mangwaro muna jira. Goggo na cewa, "Kin gani, kin kore shi daga lambunai." Ba a jima sosai ba sai muka ji ƙarar ƙafafun keken shanu. Ga Baba tafe yana jan bijimansa biyu, ya shimfiɗa katifar ɗakinsa a kan keken, ya kwantar da farantan a kai ya ɗaure da igiya. Ya ce wa Goggo, "Su kwana gida, su yini lambu. Kamar ni."

Ya tsayar da keken a bakin rijiya, ya kwance shanun, ya tokare shi yadda farantan za su kalli rana. Na rufe su da mayafin Goggo da buhunan da ke wurin kafin in taɓa waya, na kankare bakin guntun jan ƙarfen nan har ya yi ƙyalli, na ɗaura na matse da kyau. Aka yaye rufin. Hannuna na kan mita, Goggo ta kai yatsa za ta danna, sai na ji muryar Baba a bayana, kuma ba da Goggo yake ba.

"Ɗiyata, ke za ki kunna."

Tunda aka kawo ni gidan, ranar ce ta farko da maganarsa ta zo mini kai tsaye. Na danna. Sumo ya ɗauka da wata murya santala, ba gurnani. Lamba ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya cak. Mesa ta yi motsi kamar mai rai, ta kumbura, sai ga ruwa ya yi tsalle ya faɗa fangalin farko, busasshiyar ƙasa na shansa tana ƙara. Goggo ta rangaɗa guɗa duk da tsufanta. Baba ya ɗauki fartanya ya shiga buɗe wa ruwa hanya, yana ta hamdala ƙasa-ƙasa, bai ƙara kallon inda nake ba. Ni kuwa na ja gefen zane na rufe fuska na yi kukana.

Ba duk albasar ce ta tashi ba, fangalan ƙarshe sun riga sun mutu. Amma wadda ta tashi ta ciyar da gidan har sabon gero ya shigo, ba wanda ya je ƙofar dangi da ƙwarya. Tun daga ranar, kowace safiya keken shanu zai gangara fadama da farantai, Baba ya riƙa juya shi yana bin rana, da yamma ya hauro da su gida. Wayar baƙin ƙarfe ta koma shingenta. Kunyarmu ma ta koma inda take, na ci gaba da gaishe shi ta bayan zana har Allah ya karɓi abinsa. Sai dai in rediyonsa ko cocilarsa ta lalace, ba ya ba Goggo. Yakan zo da kansa ya ajiye a bakin ƙofata ya yi gyaran murya.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in alheri ya taso bai iso ba, kada a yi gaggawar zargin mai bayarwa ko a yar da mai karɓa, a fara duba hanyar da ke tsakaninsu, kuma a duba ta tana ɗauke da kaya. Mun kusa sayar da lafiyayyen inji da lafiyayyun farantai saboda ba wanda ya tuhumi waya. Na kuma koyi cewa kunya ado ce, amma in rumbu na shirin zama wayam, mai kunya ma sai ta durƙusa ta ƙi tashi har a saurare ta. Mitar tana nan har yau, ta bar ƙasan akwati, tana rataye a ƙusar da Baba ya buga mini da hannunsa.